Kalmar “run” ta Turanci: gudu ne ko gudana?

Ranar 31 ga Mayu, 2018, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da matasa suka daɗe suna fafutuka a kanta, wadda ta rage shekarun neman shugabancin ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da majalisun jihohi kuma daga 30 zuwa 25. Sunan da kowa ya san dokar da shi a Turance shi ne “Not Too Young To Run”. Da za a miƙa wa ɗan aji uku na firamare wannan suna a ce ya mayar da shi Hausa da abin da malaminsa ya koya masa, cewa zai yi “ba ka yi ƙanƙanta da gudu ba”. Sai mai sauraro ya yi sakato, don in dai gudu ne, wa ya kai yaro? Abin da ake nufi shi ne tsayawa takara. Abin dariyar ma, inda Bature ya ce gudu, Bahaushe tsayuwa ya ce.

Dukkanmu haka aka fara mana. Malam ya rubuta a allo: “come” zo, “go” tafi, “sit” zauna, “run” gudu. Muka rera, muka haddace, aka ba mu maki. Wannan hadda ba ta da aibi a ranar farko. Inda gizo ke saƙar shi ne da yawanmu a nan muka yada zango, har muka girma muka fara karanta jarida da takardun ofis, muna cin karo da hanci yana gudu, firji yana gudu, kwangila tana gudu, jarida ta gudu da labari, mutum ya gudu cikin tsohon abokinsa a kasuwa. Wanda ya riƙe fassara ɗaya tak sai ya ɗauka Turawan nan ba su da aikin yi sai tsere.

Girman abin ya wuce yadda ake zato. Babban ƙamus ɗin Oxford, wanda aka fara fitarwa kashi-kashi a 1884 aka kammala a 1928, shi ne mudun da ake auna kalmomin Ingilishi da shi. A bugu na biyu, na 1989, kalmar da ta fi kowace tsawon bayani ita ce “set”, mai ma'ana 430, bayaninta kaɗai ya cinye kalmomi wajen dubu 60, wato kamar madaidaicin littafi guda. Da aka shiga sabunta ƙamus ɗin, daga harafin M aka faro a shekarar 2000, sai “make” ta karɓe kambun. A 2007 “put” ta ƙwace shi. A 2011 kuma “run” ta ture su gaba ɗaya da ma'ana 645, kuma wannan a matsayinta na aikatau ne kawai, ba a lissafa da inda take zuwa a matsayin suna ba. Ma'aikacin ƙamus ɗin da aka ɗora wa aikin, Peter Gilliver, wata tara ya yi a kan wannan kalma mai harafi uku. A yi adalci dai: lokacin da aka yi wannan ƙirga ba a riga an sabunta “set” ba, don haka gasar ba a fili ɗaya aka yi ta ba. Duk da haka 645 ba wasa ba ne.

Ba mai haddace ma'ana 645, har su kansu 'yan Ingila. Abin da suke da shi a kai hoto ne guda, daga shi sauran suke tsirowa. Kuma a ganina mai jin Hausa ya fi mutane da yawa sa'ar gane wannan hoton, saboda harshensa ya riga ya ajiye masa mabuɗin.

A tsohon Ingilishi, na kafin mamayar da Normawa daga Faransa suka yi wa Ingila a 1066, akwai kalmar “rinnan”, wani lokaci a ce “irnan”. Ana faɗinta ga mutumin da ya zura da gudu, ana kuma faɗinta ga ruwa mai malala. Tana da 'yar uwa, “ærnan”, wadda ke nufin sa wani abu gudu, kamar yadda mahayi ke sa doki sukuwa. Da tafiya ta yi tafiya, ga kuma tasirin yaren mutanen arewacin Turai da suka zauna a Ingila, sai waɗannan suka narke suka zama kalma ɗaya. Jamusanci bai haɗe nasa ba: har gobe “rinnen” malala ce, “rennen” gudu. To mu ma fa haka muke. Muna da gudu, na mai ƙafa. Muna da gudana, na ruwa da na al'amura. Muna da gudanar da, wato sa abu ya gudana. Saiwa ɗaya, rassa uku. Ingilishi ya tattara ukun ya cusa a buhu ɗaya ya rubuta “run” a jiki. Malamin firamare reshe ɗaya ya nuna mana, alhali mafi yawan wuraren da kalmar ke rikita mu daga sauran biyun suka fito.

Ɗauki na ruwa tukuna. In Bature ya ce kogi “runs”, gudana yake nufi, kai tsaye. “Running water” ruwan famfo ne a cikin gida, in ka ga an rubuta shi a tallar gidan haya. “The tap is running” an bar famfo a buɗe, ruwa na zuba. Hawaye na kwarara a kumatu, “run” ne. Mai mura da majina ke masa zuba, hancinsa ne ke “running”, har yaran Turawa suna da wasan baki a kai, wai hanci ke gudu, ƙafa ke shanshana, saboda kalmarsu ta shanshana da ta wari ɗaya ce. In mace ta wanke sabuwar atamfa ruwan ya rine, mu sai mu ce zanen yana zuba, su kuma su ce launin ya yi “run”. Kwalli ya jiƙe ya dalalo a fuska, shi ma haka. Ko wanda ya buɗe famfo don ya cika bahon wanka, “run a bath” ya yi, wato ya sa ruwa gudana. Babu ƙafa ko ɗaya a duk waɗannan.

Daga ruwa aka tsallaka zuwa inji, kuma tsallakawar ba ta da nisa, don injinan farko na Ingila ruwa ne ke juya su. Ruwa na gudana, ƙafar niƙa na juyawa, aiki na tafiya. Da zamanin masana'antu ya kankama a ƙarni na 18 da na 19, duk abin da ke juyawa ba tsayawa sai aka ce yana “running”: injin saƙa, jirgin ƙasa, agogo, daga baya mota da janareta da firji. Nan ne direbobi da makanikai ya kamata su buɗe kunne. “The car is running” ba ya nufin motar tana sheƙa gudu a titi. Tana iya kasancewa a tsaye cik a gareji, injin ne ke kunne. In kuma aka ce mota “runs on diesel”, da man dizal take aiki. Akwai wata magana, “run of the mill”, da ake yi wa abin da ba shi da wani armashi, gama-gari. Asalinta kayan da suka fito daga masana'anta ne yadda suke, kafin a tantance mai kyau da marar kyau.

Kwamfuta da ta zo ba ta ƙirƙiri kalmarta ba, ta inji ta gada. Manhaja tana “running”, kai kuma kana “run” ɗinta. Mai amfani da Windows in ya danna maɓallin tambarin tare da harafin R, wani ɗan akwati zai fito, sunansa kenan a rubuce a samansa. Wasu suna ganin wannan ne sirrin yadda kalmar ta zarce “set”. Ita “set” ta ajiyewa ce da kafawa da daidaitawa, ta dace da zamanin da abubuwa ke zaune inda aka sa su. Ita kuwa “run” duk sabon inji da aka ƙera sai ya ƙara mata ma'ana.

Sai reshe na uku. Da zarar ka ga karɓau ya biyo bayan kalmar, wato wani ne ke yi wa wani abu “run”, to fara gwada “gudanar da” ko “tafiyar da”, galibi za ta zauna daram. Mace “runs a school”, ita ke tafiyar da makarantar. Wane “runs the country”, shi ke riƙe da ragamar ƙasa. Likita zai “run tests”, zai yi gwaje-gwaje. “Running costs” kuɗin tafiyar da harka ne na yau da kullum, albashi da mai da wuta. Jarida ta “run” labari, ta buga shi. Wanda ya ce zai “run you home” ba korar ka zai yi da gudu ba, a mota zai sauke ka gida. Masu “gun running” fasa-ƙwaurin makamai suke yi. Mai “running a temperature” kuwa zazzaɓi ke jikinsa, kuma wannan na cikin wuraren da “gudanar da” ba ta shiga, don ba a gudanar da zazzaɓi.

Tun da maganar ta zo, bari in ɗan ratse. Wannan “gudanar da” ta yi wa Hausar labarai katutu. An gudanar da zanga-zanga, an gudanar da bincike, an gudanar da addu'a, an gudanar da jana'iza. A gida ba wanda ke cewa haka. An yi jana'iza, an yi addu'a, shi kenan. Kalmar tana da muhallinta, inda akwai shugabanci da tsari da ɗorewa, amma mun mai da ita gishiri, kowace miya sai an barbaɗa. Mai fassara da ya gano cewa “run” na iya zama “gudanar da” kada ya ɗauka ya sami maganin kowace cuta.

Akwai wani amfani da ya fi ba ni sha'awa, inda abin da ake magana a kansa ko motsi ba ya yi. Bature zai ce titi “runs” daga Kano zuwa Zariya, ko katanga “runs” a gefen gona, ko layin dogo “runs” ta tsakiyar gari. Titi na nan kwance inda aka shimfiɗa shi. Idon mai kallo ne ke bin sa, kamar yadda ake bin ruwa da ido daga mafari zuwa mafaɗa. Mu ma muna yin irin wannan ba tare da mun lura ba, in muka ce hanya ta miƙe, ta ratsa daji, ta ɓulle kasuwa. Daga tsawon wuri sai aka koma tsawon lokaci: kwangila “runs for three years”, za ta ɗauki shekara uku tana aiki. Taro ya “run late”, ya ja lokaci. “Three days running” kwana uku a jere. “In the long run” a can gaba, bayan tafiya ta yi nisa. Shi ne masanin tattalin arzikin nan na Birtaniya, John Maynard Keynes, ya yi wa shaguɓe a 1923, da ya ce ai a can gaban duk mun mutu, yana nufin masu cewa a yi haƙuri kasuwa za ta gyara kanta wata rana. Hali ko ciwo da aka ce “runs in the family” shi ne wanda muke cewa gado ne, a jini yake. Jinin ma ai gudana yake.

A wasu wuraren kuma kalmar ba ta da wata ma'ana da ta wuce “zama” ko “doshi”. Rijiya ta “run dry”, ta ƙafe. Kayan abinci suna “running low”, sun ja baya. Yara sun “run wild”, sun gagara. Jirgin ruwa ya “run aground”, ya kafe a tudu ko yashi, kamar yadda katafaren jirgin dakon kaya Ever Given ya yi a mashigin Suez ranar 23 ga Maris, 2021, ya toshe hanya kwana shida. Abin lura a nan, yawanci ba alheri ake dosa ba. Ana “run” zuwa ƙafewa da ƙarewa da lalacewa ne.

Mu koma kan siyasa, inda muka faro. “Run for office” maganar Amurkawa ce a asali, su da suke kallon zaɓe kamar tseren dawaki. Shi ya sa da yawa daga kalmomin zaɓensu na filin tsere ne. “Running mate” mataimakin ɗan takara, abokin tafiyarsa a tikiti ɗaya. “Front runner” wanda ke kan gaba. “Runner up” wanda ya zo na biyu. “Also ran” kuwa, kalma mai ɗaci, daga sakamakon tseren doki aka ɗauko ta, inda bayan an jera waɗanda suka ci sai a ce waɗannan ma sun yi gudu. Ita ake laƙaba wa ɗan takarar da ya zo rakiya. A 1927 shugaban Amurka Calvin Coolidge ya raba wa 'yan jarida 'yan guntayen takardu ɗauke da jimla ɗaya, cewa bai zaɓi ya yi “run” a 1928 ba, kuma ba wanda ya ɗauka motsa jiki yake nufi. 'Yan Birtaniya su “stand” suke cewa a al'adance, ɗan takara tsayawa yake yi, daidai da namu. Nijeriya da ta bar tsarin firaminista ta rungumi na shugaba mai cikakken iko irin na Amurka a 1979, ba mamaki da Turancin siyasarta ya karkata can, amma Hausa ba ta bi ba. Har yau tsayawa ake yi, a fito, a nema, a kara, a kayar ko a sha kaye.

“Runoff” shi ne zagaye na biyu, in ba wanda ya cika sharaɗi a karon farko. Mutanen Nijar sun san shi sarai, ko a 21 ga Fabrairu, 2021 an yi shi tsakanin Mohamed Bazoum da Mahamane Ousmane. Gana ta yi nata a 2008 tsakanin John Atta Mills da Nana Akufo-Addo. Amma in ka ci karo da wannan kalmar a takardar aikin gona, ba ruwanta da zaɓe: ruwan sama ne da ƙasa ba ta shanye ba, ya malale ya tafi da taki. Kalma ɗaya, rubutu ɗaya, ɗaya daga tsere, ɗaya daga gudana. Sai kuma “run up”, kwanakin da ke gab da zaɓe ko wani babban sha'ani, an aro shi daga 'yar sassarfar da mai tsalle ke yi kafin ya daka.

A harkar kuɗi akwai wadda ke tayar wa manajan banki hankali fiye da ɗan fashi, ita ce “bank run”. A nan kam gudu ne na gaske, sai dai ba daga bankin ake gudu ba, wurinsa ake rugawa. Jita-jita ta bazu cewa banki na tangal-tangal, kowa ya garzaya ya kwashe ajiyarsa. Banki kuwa ba ya ajiye duk kuɗin jama'a a ɗaki, ya ba da mafi yawa rance, don haka ko lafiyayye ne, in kowa ya zo rana ɗaya sai ya durƙushe. A Satumban 2007 an ga dogayen layuka a ƙofar rassan Northern Rock a Birtaniya, abin da aka yi fiye da shekara ɗari ba a gani ba a ƙasar. A ranar 9 ga Maris, 2023, masu ajiya a Silicon Valley Bank na Amurka suka nemi cire dala biliyan 42 a yini guda, washegari hukuma ta rufe shi. Wannan karon yawancinsu ko takalmi ba su sa ba, daga waya da kwamfuta suka yi gudun.

Wasanni ma suna da irin wannan gudu na zaune. A kurket, wasan da Indiya da Pakistan da Ingila ke ji da shi, maki sunansa “run”, domin asali sai 'yan wasa biyu sun ruga sun yi musanyar wuri kafin a ƙirga ɗaya. Amma in mai bugu ya maka ƙwallo ta kai iyakar fili an ba shi huɗu, in ta tsallake a sama ba ta taɓa ƙasa ba shida, ko bai ɗaga ƙafa ba.

Wurin da ya fi wahalar da mai koyo, a ganina, ba waɗannan ba ne. 'Yan ƙananan kalmomin nan ne da ke maƙalewa a bayanta, “out”, “into”, “over”, “down”, “up”, “through”, kowace ta juya akalar zancen. “Run out” ƙarewa ce, amma ta fuska biyu: man ya “run out”, ko mu mun “run out of” mai. A Hausa man ne kaɗai ke ƙarewa, mu sai dai ya ƙare mana. “Run into” in mutum ne kiciɓis kuka yi, in bango ne karo, in matsala ce an faɗa cikinta, in kuɗi ne adadin ya kai miliyoyi. “Run over” mota ta take mutum, ko tulu ya cika ya tumbatsa, ko taro ya zarce lokacinsa. “Run up” bashi, tara shi. “Run through” na iya zama bitar darasi a gurguje, ko cinye dukiyar gado cikin ƙiftawar ido, ko soke mutum da takobi har ya ɓulle.

“Run down” ita ce uwar rikici. Direba ya yi wa mutum, ya banke shi. Maƙiyi ya yi maka a bayan ido, ya kushe ka. Batir ya yi, ya mutu. Gida in aka ce “run down” ne, ya lalace don rashin kula. Mutum in ya ce haka yake ji, jikinsa ya yi la'asar. In kuma shugabanka a ofis ya ce ka ba shi “rundown”, taƙaitaccen bayani yake so. Ba wata dabara da za ta fitar da kai a nan in ban da duba aikau da karɓau: wa ya yi, wa aka yi wa, mutum ne ko abu, mai rai ne ko inji. Na taɓa ganin takardar da aka fassara wa manoma, inda aka mayar da gargaɗin kada a bari batirin famfon feshi ya “run down” zuwa “kada batir ya gudu ƙasa”. Manoman da suka karanta sun yi ta ɗaure batir da igiya a ransu.

Wasu maganganun ma rabinsu ba Ingilishi ba ne. “Run amok”, wato mutum ya haukace ya afka wa jama'a, “amok” ɗin daga harshen Malay aka samo ta. “Run the gauntlet”, ratsawa ta tsakiyar masu suka ko masu duka, daga wani horon sojojin Suwidin ne, inda ake jera mutane sahu biyu mai laifi ya bi ta tsakiya ana tsula masa bulala. Kalmar Suwidin ɗin ta yi wa Turawan Ingila nauyi a baki, sai suka musanya ta da wata tasu mai kama da ita wadda ke nufin safar hannu, ga shi har yau ana faɗa ba safa ba dalilinta.

Kafin wani ya ce Turanci harshen rikici ne, ya waiwayi “ci”. Mun ci tuwo, mun ci kasuwa, mun ci zaɓe, mun ci jarrabawa, mun ci bashi, mun ci riba, mun ci sarauta. An ci amana, an ci mutunci, an ci zarafi, an ci tara. Wuta ta ci gida, gini ya ci kuɗi, tafiya ta ci kwana uku, ɗan wasa ya ci ƙwallo, aiki ya ci gaba, har karo ma cin sa ake yi. “Sha” na biye: wahala, iska, kashi, alwashi, mamaki, kaye. Turawan nan masu ƙamus ɗin Hausa, Bargery da ya fitar da nasa a 1934, da Abraham a 1949, sun sha irin wahalar da Gilliver ya sha, a kan namu kalmomin. Baturen da aka koya wa “ci” na nufin tauna da haɗiya, in ya ji an ce wane ya ci amanar wane, zai tambaya da wace miya. Mu kuwa ba mu taɓa zama mun haddace waɗannan ba. Mun san hoton da ke ƙasa, na cinyewa da rinjaye da samu, sauran kuma kunne ya ɗauka a tsakar gida. Kowane harshe yana da 'yan gajerun kalmominsa da suka tsufa suna dako, kuma mafi gajarta su suka fi ɗaukar kaya.

Ita kanta “gudu” ba a ƙafa kaɗai ta tsaya ba. Ɗan gudun hijira ba lallai da gudu ya bar gida ba. Gudummawa asalinta rugawa ce a kai ɗauki, yau ko ta waya ka tura dubu biyu ka ba da ita. “Gudun kada a ce” ba tsere a ciki, tsoro ne. Mutumin da mutane suka guje shi ba wanda ya ranta a na kare, ƙaurace masa aka yi. Sai dai a fagen gudu na ainihi mun fi su kayan aiki: arcewa daban, tserewa daban, sheƙawa daban, sassarfa daban, ga cika wando da iska, ga ƙafa me na ci ban ba ki ba. Mai fassara da ya mayar da “on the run” zuwa “yana kan gudu” ya yi asara, alhali ga “ya tsere, ana nemansa ruwa a jallo”.

Ɗan ƙarin abu a kan siga, don yana kayar da ɗalibai a jarrabawa: “run” a yanzu, “ran” a shuɗaɗɗen lokaci, sannan a sake komawa “run” bayan “have” ko “has”. Bakinmu yakan haɗe wasulan biyu su zama ɗaya, shi ya sa kuskuren ke tsallakawa daga furuci zuwa rubutu.

Turancin Nijeriya ma bai bar kalmar haka ba, ya yi mata nasa ƙari. “Runs” a bakin ɗaliban jami'a da 'yan birni harka ce ta bayan fage, buga-bugar da ba a son a tambayi yadda aka yi, daga satar amsar jarrabawa zuwa abin da ya fi haka muni. Ɗan Landan ba zai gane wannan ba. In ka ce masa kana da “runs” yau, zai matsa gefe ya nuna maka bayi, don a wurinsu “the runs” zawo ne. Wanda mu a nan muke kira “running stomach”, shi ma ba haka suke faɗa ba. Amma a wannan gaɓar, ba tare da wani ya kwaikwayi wani ba, harsunan biyu sun yi kiciɓis a wuri ɗaya: su sun duba ciwon suka ciro masa suna daga “run”, mu muka duba shi muka ce gudawa.